Leda da sharar da ta daina zama taki

Bara waccan goggona ta sayi tunkiya da kuɗin adashinta, da fatan ta haihu a samu na layya a gida. Dusa ba ta yanke mata ba, harawa ma haka, amma kullum tunkiyar nan sai ƙara lalacewa take yi. Haƙarƙarinta ya fito ana ƙirgawa, ciki kuwa ya yi tulu guda kamar mai shirin haihuwa. An ba ta kanwa, an ba ta maganin tsutsa, shiru. Da aka ga tana neman zama mushe, sai aka kira mahauci. Ina tsaye a kansa ya farke tumbin, ya sa hannu biyu ya zaro wani dunƙule baƙi ƙirin, ya murɗe ya cuɗe kamar tsohuwar igiyar guga. Leda ce zalla: baƙar leda, farar ledar ƙulli, ledar ruwa, har da zaren buhu. Ya ɗago ya dubi goggo ya ce, "Hajiya, yunwa ce ta kama ta, ga ciki a cike. Sai haƙuri." Ya ƙara da cewa su a mahauta abin ya daina ba su mamaki.

Ledar nan ba daga wata uwa duniya ta zo ba. Ta ƙofar gidanmu ce da ta maƙwabta: wadda aka ƙullo gishiri a ciki, wadda aka dafa alale da ita, wadda aka sayo ƙosai mai ya jiƙa ta. Dabba ta ji ƙanshin abinci ta haɗiye, tumbi ya kasa narkar da ita, ita kuma ba ta wucewa, sai ta zauna ta tare wurin da ciyawa za ta shiga. Tun daga ranar ban ƙara yi wa leda kallon abin banza ba.

In ana maganar kare muhalli, hankalin mutanenmu yakan tafi can nesa, wajen ɗumamar yanayi da tarukan shugabannin duniya. Talaka yana ganin ba shi da hannu a ciki, kuma yana da gaskiya, don kasonsa a hayaƙin da ke ɗumama duniya bai taka kara ya karya ba. Amma akwai muhallin da ya fara daga tsakar gida, ya bi ta kwatar ƙofar gida, ya ƙare a gonakin bayan gari. Wannan a hannunmu yake, kuma abin da ya fi ɓata shi a yau muna shigo da shi ne da hannunmu daga kasuwa.

Sai an tuna yadda shara take a da kafin a gane abin da leda ta yi mata. A ƙasar Kano shara dukiya ce. Da rani manoman ƙauyukan da ke kewaye da birni sukan shigo da jakuna ɗauke da itace, in za su koma su cika mangala da takin gari: toka, kashin awaki da na tumaki, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, sharar tsakar gida. Wannan taki na cikin abin da ya sa gonakin kewayen Kano suka jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Abinci ya fito daga gona ya shiga birni, ragowarsa ta koma gona. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne kusan duk abin da gida ke zubarwa mai ruɓewa ne. Ƙwarya, kwando, faifai, tabarmar kaba, ganyen da ake huhun goro da shi, duk ƙasa tana cinye su. Kafin ma su kai ga juji sai sun ga ta kansu. Ƙwarya in ta tsage gyartai ya ɗinke ta, in ta fashe ta zama sakaina ana kwasar toka da ita.

Ba ina cewa da can komai tsaf yake ba. Leda ta samu karɓuwa ne don ta magance matsaloli na gaske. Ba ta da nauyi, ba ta yoyo, ƙura da ƙuda ba sa ratsa ta. Babban abin kuma, ita ce ta sa aka iya sayar da komai ƙulli-ƙulli. Mutumin da sai ya fita ya nemo kafin a ɗora tukunya ba ya iya sayen galan na mai ko buhun sukari. Na yau kawai yake saye: ƙullin mai, ƙullin gishiri, ƙullin garin sabulu, ƙullin kuka. Kowane ƙulli da ledarsa. Shi ya sa gidan mai ƙaramin ƙarfi, wanda ya fi kowa tattali, sau da yawa ya fi gidan mai hali tara leda. Duk wanda zai yi wa mutane wa'azin barin leda bai lura da wannan ba, zai yi ta magana ne ba mai saurarensa.

Na taɓa zama na ƙirga ledar cefanen rana ɗaya daga kasuwar 'Yankaba. Tumatir da ledarsa, tattasai da ledarsa, attaruhu, albasa, alayyahu, daddawa, gishiri, mai, nama an ninka masa biyu saboda jini, sannan babbar baƙa da aka zuba su duka a ciki. Goma sha ɗaya ke nan. In haka ake yi kullum, gida ɗaya ya tara fiye da 300 a wata, ba a sa ta burodi da ta ruwa ba. Kowacce aikin da ta yi bai wuce na rabin sa'a ba, daga rumfa zuwa madafi.

Amma ƙarewar aikinta ba ƙarewarta ba ce. Daga man fetur da iskar gas ake yin leda, kuma ƙananan halittun cikin ƙasa da ke cinye ganye da kara ba sa iya cin ta. Abin da rana ke yi mata shi ne ta busar da ita ta yi ta marmashewa, ta koma ƙanana-ƙanana ta cakuɗe da ƙasa da ruwa, ido ya daina ganin ta alhali tana nan. Duniya na ƙera roba da leda fiye da tan miliyan 400 a shekara, kuma abin da ake sake sarrafawa daga sharar bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. Yau ma manoman bayan gari suna sayen shara, sai dai a tifa maimakon jaki. Je ka ga gonar da aka zuba ta kafin damina. Leda ta baje ko'ina, ta maƙale a jikin kara da ƙaya tana kaɗawa. Manomi ya tsince abin da zai iya ya ƙona, saura garma ta binne, ta tare saiwa, ta hana ruwa ratsa ƙasa yadda ya kamata. Takin da kakansa ke samu tsabtatacce shi yanzu sai ya biya kuɗi, ya kuma yi aikin tsinta.

Wani zai ce ai akwai 'yan gwangwan da 'yan jari bola. Akwai su, kuma aikin da suke yi wa garuruwanmu ya fi ƙarfin raini da ake yi musu. Dubi juji da kyau: da wuya ka ga ƙarfe, ko tsohuwar tukunyar alminiyam, ko fasasshen bokiti ya kwana biyu. Gorar ruwa da ta lemo masu zoɓo da kunun aya sun riga kowa. Duk abin da ke da farashi yana da mai ɗauka. Baƙar leda ce ba ta da shi. A kilo ake sayen kayan bola, ita kuwa sai ka tara ɗaruruwa kafin ta motsa sikeli, ga miya da ƙasa sun ɓata ta. Yaron da zai wuni yana tsintar ta ba zai samu na abinci ba. A kyauta ta shigo gida, a banza ta fita, babu wanda ya yi asara da ya yar da ita, babu wanda zai ci riba in ya ɗauka. Nan ne gindin matsalar.

To ina take zuwa? Wadda dabba ba ta ci ba, kwata ce ko wuta.

Kowa ya san abin da ake yi a unguwanninmu in hadari ya haɗu. Ruwa na saukowa sai a ce wa yara su fito da kwandon shara su juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ganye da toka ruwa kan tafi da su. Leda kuwa sai ta je ƙarƙashin gada ta farko ta tsaya, ta kama yashi, yashi ya kama wata ledar, kafin tsakiyar damina kwalbati ya toshe. Ruwan da ya rasa hanya gidan na ƙasa yake shiga, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, wanda ya kwanta kuma ya zama gidan sauro. Duk wanda ya bi gefen rafin Jakara a Kano ya ga abin da ruwa ke kwasowa daga unguwanni. Ba leda kaɗai ke jawo ambaliya ba. An cike kududdufan da ke shanye ruwan birni, an yi gini a kan hanyar ruwa, ruwan saman ma yanzu yakan zo da ƙarfi a lokaci guda. Sai dai cikin waɗannan duka, leda ce ke fitowa daga kowane gida kowace rana. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 ne bayan ta ga yadda ta toshe magudanai a manyan ambaliyoyinta. A Akara ta Gana, daren 3 ga Yuni 2015, ruwa ya cika gari magudanai a toshe, mutane suka fake a wani gidan mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu.

Ta wuta ta fi damuna, domin a cikin gida take, kuma mata da ƙananan yara take samu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin gas da na kananzir suka yi sama, gidaje da yawa sun koma gawayi da itace. Ashana ɗaya ba ta kama gawayi, sai a murɗe leda a cinna mata wuta, tana narkewa tana ɗiga a kai, uwargida ta sunkuya tana fifita, goyo a bayanta. Wannan baƙin hayaƙi mai ɗaci da ke sa hawaye guba ne, huhun jariri kuma bai yi ƙwarin ɗaukar sa ba. Tsinken kara, busasshen ɓawon rake, guntun kwali, duk suna hura wuta, kuma da su aka saba kafin leda ta zo. Haka alalen leda da kokon da ake zubawa da zafinsa a farar leda. Ba a yi leda don tafasa ba, baƙar kuma galibi daga tsofaffin robobin da aka narke ake yin ta, ba wanda ya san abin da suka taɓa ɗauka. Gwangwanin alale yana nan a kasuwa, sau ɗaya ake saye a yi shekaru ana wankewa.

Gwamnatoci sun gwada doka. Ruwanda ta hana leda a 2008, har a filin jirgin Kigali akan karɓe ta daga hannun baƙi. Kenya ta bi a 2017 da hukunci mai tsanani, tarar da za ta iya kai shilin miliyan 4 ko ɗaurin da zai iya kai shekara 4. Jamhuriyar Nijar ta yi dokarta a 2014, Kamaru ma a shekarar ta fara aiki da tata. Legas ta hana farin mazubin nan mai kama da soso na abincin tafi-da-gidanka a Janairun 2024. Amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya san leda ba ta san an yi doka ba. Iyakar Nijar da Najeriya kimanin kilomita 1,500 ce, kasuwannin kuma a haɗe suke, abin da ake sayarwa a Kano da Jibiya gobe yana can. Doka tana aiki ne inda aka tsare hanyar shigowa, aka bi ta da hukunci, aka kuma ba ɗan kasuwa abin da zai maye gurbi da shi. In babu waɗannan, takarda ce kawai.

Abin da ya faru a Ingila ya fi kusa da gindin matsalar. Ba su hana leda ba. A 2015 suka ce duk mai so a manyan kantuna ya biya peni 5, kuɗin da bai kai na alawa ba. Yawan ledar da manyan kantunan ke bayarwa ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100. Ba talauci ya hana su biya ba, tambayar ce kawai ta canza. Da ana miƙo maka ba ka nema ba, yanzu sai an tambaye ka ko kana so.

A kasuwarmu mai tumatir ba zai iya yin haka shi kaɗai ba. Shi ma sayen ledar yake yi da kuɗinsa, amma ranar da ya ce a biya, za a ce ya cika rowa a koma rumfar gaba. Akwai kuma wani abu da masu kawo shawara daga waje ba sa gani: baƙar leda sutura ce. Bahaushe ba ya son a ga abin da ya sayo. In nama ne kada maƙwabci ya gani ransa ya biya, in garin kwaki ne kada a san halin da gidan ke ciki. Magidanci zai ratsa majalisa da baƙar leda hankalinsa kwance, amma ba zai ratsa da buɗaɗɗen kwando ba. Wannan kunya ce mai kyau, ba abin da za a yaƙa ba ne. Duk abin da zai maye gurbin leda a wurinmu dole ya rufa asiri kamar yadda take rufawa.

Kuma muna da shi. Bakko yana rufewa, yana ɗaukar cefanen gida guda, yana shekara bai yage ba. Bokitin fenti mai murfi ya fi leda kyau da tumatir, don ba ya farfashewa a hanya, da shi kuma za a wuce wurin niƙa. Galan ko kwalba ta ishi mai, kula ta ishi abincin saye, kwano mai murfi ya ishi ƙosai da waina. Wahalar ba ta samun su ba ce, ta tunawa ce. Mafi yawan cefane maigida ke yi a hanyarsa ta dawowa, ko a aiki yaro da gudu. Don haka bakkon ba a ɗaki zai zauna ba. A ɗaure yake a bayan babur, ko a rataye a zaure inda mai fita zai gan shi. Yaron da aka aika sayen mai a miƙa masa kwalba tare da kuɗin, kamar yadda iyayenmu suka yi mana.

Ranar farko da na miƙa bokiti na ce, "Malam, bar ledar, zuba a nan," mai tumatir ya tsaya yana kallona, hannunsa riƙe da ledar da ya riga ya hura ya buɗe. Yanzu da ya hango ni yake cewa, "Alhaji, kawo bokitin," wani lokaci har ya ƙara min gyara, tunda na rage masa kuɗin leda. Cefanen da ke zuwa da goma sha ɗaya ya koma zuwa da biyu, ta nama da ta daddawa.

Maganin ƙulli-ƙulli kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma bai fi ƙarfin mutum biyar ba. Matan da ke adashi sun san hanyar: a haɗa kuɗi a sayo buhu a kasuwar Dawanau ko katan a kasuwar Singa, a raba da mudu kowa ta kawo robarta. Sauƙin farashi ne ke jawo su, raguwar leda ta biyo baya.

Ruwan leda ne wurin da ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Mutane ba su bar randa don ƙyuya ba, famfo ne ya ƙafe, ruwan 'yan garuwa kuma ba kullum ake sanin daga inda aka ɗebo shi ba. Uwar da ta taɓa jinyar ɗa a kan amai da gudawa ba za a ce mata ta daina sayen ruwan da ta yarda da shi ba. Amma lissafin yana da nauyi. Jaka ɗaya ƙulli 20 ce, gidan da ke shan jaka biyu a rana lokacin zafi yana fitar da leda 1,200 a wata. Mai iya tafasa ruwa ko sa masa maganin tace ruwa ya zuba a randa ya rage wa kansa kashe kuɗi. Wanda ba zai iya ba, ya rataye buhu ɗaya don ledar ruwa kaɗai. Ta fi baƙar kauri, kuma a manyan garuruwa akwai masu sayen ta a kilo in ba ta haɗu da miya da ƙasa ba. Wurin ɗaurin aure, zaman makoki, buɗe-baki a masallaci, filin idi, duk inda za a raba ruwa, buhu ɗaya a gefe da yaro ɗaya mai zagayawa sun isa a tashi a bar wurin yadda aka same shi. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kowane ɗalibin islamiyya ya haddace wannan. Kamfanonin da ke ƙulla ruwan su ma da haƙƙi a kansu. Wanda ya ci ribar ledar ya kamata ya sa hannu wajen tattara ta, ko da ta hanyar sayen fankon ne daga hannun masu tarawa, don da zarar ta yi farashi ba za ta ƙara kwana a titi ba.

Na san inda ƙoƙarin gida yake tsayawa. Ranar tsabtar ƙarshen wata matasa kan yashe kwata su tara dagwalon a bakinta, in motar kwasa ba ta zo ba ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Unguwar da ba a ajiye mata wurin zuba shara ba dole ta ƙirƙiri juji. Wannan aikin hukuma ne, kuma neman a yi shi haƙƙin mai biyan haraji ne. Sai dai raba shara gida biyu ba ya jiran kowa. Mazubi ɗaya na abin da ke ruɓewa, toka da ɓawon doya da kashin dabbobi da sharar tsakar gida, buhu ɗaya na leda da roba. Ragowar abinci dama ba ta cika kaiwa juji ba a gidan Bahaushe: tuwon dare ɗumamen safe ne, ƙanzo a shanya, ruwan wankin hatsi na awaki ne, na wanke-wanke in ba sabulu da yawa ya tafi gindin zogale. In aka cire waɗannan, abin da ya rage na zubarwa ɗan kaɗan ne, ba ya wari, ba ya tara ƙuda, yana iya jiran mai kwasa mako guda.

Goggo ta sake sayen tunkiya, wannan karon a ɗaure take a turke ba ta fita kiwon bola. A bayan garken ta ware wani lungu inda ake zuba toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida, ta kafa doka ko ledar alawa kada ta gani a wurin, jikoki kuma sun san ba ta wasa. Kafin damina wani manomi daga bayan gari ya zo da amalanke. Ya tura hannu cikin tulin ya damƙo, ya murza, ya sake tonawa can ƙasa yana neman leda bai samu ba. Ya biya ba tare da dogon ciniki ba, ya ce, "Hajiya, baɗi kada a ba kowa, ni zan zo." Yana ɗaure buhunan yana tambayar ko akwai wani gidan a layin da ke tara irinsa.